Neman shawara: wane ƙaramin famfo ne zai cilla ruwa daga jirgin kashe gobarar da muka ƙera?

Baban Abba, Tudun Wada

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dukkan 'yan wannan zaure, manya da yara, da fatan mun wuni lafiya.

Ni kafinta ne a Tudun Wadar Zariya, kuma tun hutun makarantar da ya gabata nake ƙera wani ɗan jirgin ruwa tare da ɗana mai shekara 13. Bidiyon jirgin kashe gobara ya gani a wayata, irin waɗanda ke tsayawa a tashar jiragen ruwa suna cilla ruwa sama, daga ranar kuwa bai bar ni na huta ba sai da muka yanka katako. Da filawud mai kaurin milimita 4 muka yi shi, tsawonsa santimita 80, faɗinsa santimita 20, muka toshe kowace gaɓa da Araldite, muka shafa fenti hannu uku ciki da waje. Mun bar shi ya kwana a babban bahon wanki, da safe muka tarar da cikinsa a bushe. Nauyinsa yanzu kilo 2 da rabi har da moto da batir, kuma da na jera masa gorunan ruwa don in ga iya abin da zai ɗauka, sai da ya ɗauki kusan kilo 2 kafin ruwa ya kai layin da na zana a jikinsa. Rimot ɗinmu mai hanya uku ne: ɗaya ta tafiya, ɗaya ta juyawa, ta ukun na ajiye ta domin famfo.

Famfon ne ya tsayar da mu. Na sayi wani ɗan farin famfo a wurin mai sayar da kayan lantarki, irin wanda ake nutsarwa cikin ruwa, an rubuta a takardarsa cewa yana aiki da bolt 3 zuwa 6, yana ba da lita 120 a awa ɗaya. Da muka jefa shi a bokiti muka haɗa shi da batir guda na tsohuwar kwamfuta, ruwa ya riƙa bulbulowa daga tiyo sosai, har yaron ya fara tsalle. Amma da muka cusa bakin biro a ƙarshen tiyon domin ruwan ya yi tsini, sai ya fito siriri ya faɗi nan kusa. Na auna da hannuna, bai wuce kamu uku ba. Abba ya daɗe yana riƙe da tiyon, yana ɗagawa yana saukewa ko nisan zai ƙaru, bai ce uffan ba, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Bayan haka na ɗaure famfon a cikin jirgin na zura masa tiyo cikin ruwa, sai ya riƙa ƙugi kawai, ko ɗigo bai ja ba.

Abin da nake roƙon a taimaka mini da shi shi ne, wane irin famfo ne zai cilla ruwa kamar mita 3, wanda zan samu a nan Zariya ko a Kaduna, kuma ba zai yi wa jirgin nauyi ba? Sannan wanne ya fi, in sa ɗan tanki a ciki, ko in huda ƙasan jirgin famfon ya riƙa sha daga ruwan da yake tafiya a kai? Gaskiya ina tsoron huda jirgin da muka sha wahala kafin ya daina yoyo. Wani maƙwabcina kuma ya ce in ciro famfon injin feshi na goyo mai batir, amma ban taɓa ba tukuna sai na ji daga bakin masana. Allah ya saka da alheri.

Mai Wayarin Mota, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Baban Abba. Allah ya yi wa yaron albarka, ya raya maka shi.

Shawarata ita ce ka nemi famfon ruwan waifa, wanda ke watsa ruwa a gilashin gaban mota. Shekara da shekaru ina cire shi ina mayarwa, na san halinsa. Da bolt 12 yake aiki, tsawonsa bai kai tafin hannu ba, ba shi da nauyi, kuma an yi shi ne musamman domin ya tura ruwa da ƙarfi ta 'yar ƙaramar huda. Duk wanda ya taɓa ganin motar da bakin feshinta ya karkace, ruwan yana tsallake rufi yana jiƙa ta baya, ya san mita 3 ba za ta gagare shi ba. Za ka same shi a wurin masu sayar da kayan gyaran mota a nan Sabon Gari, sabo ko na hannu, ko a hannun 'yan gwangwan. Idan ka leƙa Kaduna kuma, ba za a rasa a Panteka ba. Kada ka biya kuɗi sai an taɓa masa batir a gabanka ka ji juyawarsa. Ka nemi mai baki ɗaya, domin akwai mai baki biyu wanda idan an juya masa wuta yake mayar da ruwan zuwa gilashin baya, wannan rikita ka zai yi a banza.

Sai dai akwai abu biyu da ba zan ɓoye maka ba. Shi ma ba ya zuƙo ruwa daga ƙasa, halinsu ɗaya da ɗan farin famfon da ka saya. Idan ka duba a mota, kullum a gindin tanki ake dasa shi domin ruwa ya gangaro cikinsa da kansa, saboda farfelar da ke ciki ruwa take iya turawa, idan iska ce ta cika gidanta juyawa kawai za ta yi ta yi. Don haka a jirginka dole ya zauna can ƙasa da layin da ka zana, inda ruwa zai shigo masa ba sai ya nema ba. Na biyu, ba a yi shi domin dogon aiki ba, direba daƙiƙa 3 ko 5 yake dannawa ya saki. Yawancin waɗanda ake kawo mini a ƙone, ruwan tanki ne ya ƙare direba ya ci gaba da dannawa, kuma idan na fasa su nakan tarar robar da ke riƙe da burushin moton ta narke, wayar ciki ta yi baƙi tana ƙauri. Wutar da yake ja ma ba kaɗan ba ce, takan kai amfiya 3 ko fiye. Ka sa masa fiyus mai amfiya 5 kusa da batir, ka kuma koya wa Abba ya riƙa feshi na daƙiƙa 10 zuwa 15 yana hutar da shi.

Malamin Kimiyya, Kongo

Assalamu alaikum. Malam Baban Abba, na ji daɗin yadda ka kawo awo da lambobi a tambayarka, domin da su za a gane abin da ya faru ko ba a ga famfon ba. Ina neman izinin maigida mai wayarin mota in ɗora a kan bayaninsa, wanda gaskiya ne daga farko har ƙarshe, ko da yake zaɓina ya ɗan bambanta da nasa.

Famfon da ka saya lafiyarsa ƙalau, lambar da ka duba ce ba ita ke yanke hukunci ba. Kowane famfo yana da lamba biyu, yawan ruwan da yake bayarwa da kuma tsayin da yake iya tura ruwa sama a cikin tiyo kafin ƙarfinsa ya ƙare. Masu sayarwa sukan rubuta mafi girman kowace, alhali ba a samun su biyun a lokaci guda: lita 120 ɗin nan sai bakin tiyo yana buɗe kuma babu hawa, a can ƙarshen tsayin kuwa ko ɗigo ba ya fita. Irin wannan ɗan farin famfo, ko a kan bolt 6, turinsa bai fi mita 1 da 'yan kai ba. Kai kuma da batir guda mai bolt 3.7 ka kunna shi, kuma a famfo mai farfela idan gudun juyawa ya ragu da rabi, tsayin turi kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ke nan abin da ya rage maka bai fi santimita 40 ba.

Ƙa'idar da nake so ka riƙe ita ce, ruwan da ya fito daga bakin feshi, ko da babu iskar da za ta tare shi, nisansa ba zai wuce ninki biyu na wancan tsayin ba. Famfo mai turin santimita 40 iyakarsa santimita 80, idan aka cire abin da iska da gogayyar tiyo suka ci, ga kamu ukunka nan. Tunda mita 3 kake so, kana bukatar famfon da zai riƙe turin mita 2 yana kuma ci gaba da ba da ruwa. Gwada wannan ba shi da wuya: ka samu dogon tiyo mai haske, ka rataya shi a reshen bishiya, ka kunna famfon daga bokiti, ka ga inda ruwa ya daina hawa, ka auna da tef ɗinka.

Faɗin hudar feshi shi ne abu na biyu, kuma a nan aka fi yin kuskure, domin mutane suna zaton gwargwadon ƙanƙantar huda gwargwadon nisa. Mu ƙaddara famfo yana ba da lita 1 a minti. Idan faɗin hudar milimita 2 ne, ruwan zai fito da gudun mita 5.3 a daƙiƙa, yana bukatar turin kusan mita 1 da rabi, kuma a takarda zai je kusan mita 3. Idan ka rage ta zuwa milimita 1 da rabi, gudun ya koma mita 9.4 a daƙiƙa, amma turin da ake bukata ya kai mita 4 da rabi. Idan milimita 1 ce kuwa, sai famfo mai turin mita 23 ne zai fitar da wannan lita ɗayan. Wato rage faɗin huda da rabi yana ninka turin da ake bukata sau 16. Hudar bakin biro ba ta kai ko milimita 1 ba, saboda haka shaƙe famfon ka yi, kuma ruwan da ya cika siranta saurin tarwatsewa yake, iskar hunturu ta kwashe shi tun bai yi nisa ba.

Ni abin da zan zaɓa maka shi ne ƙaramin famfo mai roba a ciki, wanda masu gyara ke kira dayafaram, ana sayar da shi da lamba R385. Aikinsa irin na zugazugin maƙera ne: moto yana motsa roba gaba da baya, wani ɗan bawul ya buɗe ruwa ya shigo, wani ya buɗe ya fita. Saboda haka ko iska ce a cikinsa turawa yake, shi ya sa yake zuƙo ruwa da kansa ko da yana zaune sama da ruwan. Yana aiki da bolt 6 zuwa 12, yana ba da lita 1 da rabi zuwa 2 a minti, turinsa kusan mita 3, wutar da yake ja tsakanin amfiya 0.5 da 0.7, nauyinsa kuma giram 100 da 'yan kai. Da huda mai milimita 2 zai kai ka inda kake so. Ban musa cewa famfon waifa zai fi shi nisa ba, domin ya fi shi turi. Amma idan ka jera batir uku na kwamfuta suka ba ka bolt 11.1, kuma kowanne yana riƙe amfiya 2 na awa ɗaya, famfon waifa zai shanye su cikin minti 40, wannan kuwa zai kai kusan awa 3 ko fiye.

Abin da ya fi batir muhimmanci a wurina shi ne tsoron da ka ambata na huda jirgi, kuma tsoro ne mai tushe. Maganar tanki ka ajiye ta, domin lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, rabin abin da jirginka zai iya ƙara ɗauka ke nan, kuma cikin minti ɗaya za ta ƙare. Ga shi idan tankin ya yi rabi ruwan cikinsa zai riƙa tangaɗi yana karkatar da jirgin duk lokacin da ya juya. Daga ƙasa za ka sha. Ka samu guntun bututun jan ƙarfe, ka huda ƙasan jirgin daidai faɗinsa, ka kafe shi da Araldite ciki da waje, amma ka bar shi da tsawo har kansa ya wuce layin ruwa da kamar santimita 2. A kan nan za ka ɗaura tiyo. Ko tiyon ya kwance jirgin yana tsakiyar tabki, ruwa zai hau cikin bututun ya tsaya daidai da na waje, ba zai zubo ciki ba. Wannan dabara famfo mai zuƙo da kansa kaɗai take yi wa aiki. Da na waifa dole gaɓar ta kasance ƙarƙashin ruwa, ranar da ta saki kuwa jirgin zai cika. Idan har yanzu zuciyarka ba ta yarda da huda ba, ka bi da tiyon ta saman bayan jirgin ya leƙa cikin ruwa, nesa da farfelar tuƙi.

A kan nisan da kake nema, kada ka matsa wa kanka. Jirgin kashe gobara na birnin New York a Amurka mai suna Three Forty Three, wanda ya fara aiki a 2010, tsawonsa kusan mita 43 ne, yana fitar da kusan lita 190,000 a minti. Naka ya gaza shi tsawo sau 50 da ɗoriya, don haka idan babban jirgi irin wannan ya cilla ruwa mita 100, daidai da shi a wurin naka bai kai mita 2 ba. Mita 3 ta isa har ta yi yawa.

Mai Gyaran Injin Feshi, Shika

Salamu alaikum. Malam ya gama magana a kan lissafi, Allah ya ƙara ilimi. Ni zan tsaya ne a kan shawarar maƙwabcinka, Baban Abba, domin famfon injin feshi shi ne abin da nake kwancewa kullum, musamman da damina idan manoma suka fara feshin ciyawa.

Gaskiya ne irinsu ɗaya da wanda Malam ya ambata, shi ma roba ce da bawul a ciki, kuma yana zuƙo ruwa da kansa. Amma ya yi wa jirginka girma. Nauyinsa yana kai rabin kilo, yana ba da lita 3 zuwa 4 a minti, yana jan wuta amfiya 2 ko fiye, kuma matsinsa ya isa ya fizge siririn tiyo daga bakinsa ya juye ruwan a cikin jirgin. Sannan ruwa idan ya fita da ƙarfi ta gaba, yana tura abin da ya fito daga cikinsa baya, duk mai riƙe sandar feshi ya san wannan a hannunsa. Jirgi mai faɗin santimita 20 da bakin feshi a can sama, idan ka juya bakin gefe, karkata zai yi yana zamewa. Uwa uba, wanda aka ciro daga tsohon inji ya sha maganin ciyawa da na ƙwari, ban yarda yaro ya yi wasa da shi ba, ban kuma yarda a saka shi a ruwan da dabbobi ke sha ba.

Abin da ba a faɗa maka ba shi ne matacin ruwa, kuma shi ne rayuwar irin wannan famfo. Bawul ɗin ciki 'yar roba ce da ba ta fi ƙwayar wake ba. Sau da yawa manomi yakan kawo mini inji ya ce moto ya mutu, in kwance in tarar da ƙwayar yashi guda ko zaren gansakuka ya maƙale a ƙarƙashin robar ya hana ta rufewa, in wanke in mayar, ya tashi kamar sabo. Ruwanmu na nan kuwa ka san shi, da damina ja ne da laka, da rani kore ne da gansakuka. Ka ɗaura guntun gidan sauro ninki biyu a bakin bututun da ke ƙasa, sannan ka sa filtar mai ta babur, sabuwa, tsakanin bututun da famfon. Mai haske ce, za ka ga datti idan ya taru. Bakin feshi kuma ka karɓi tsohon jet na kafireta a wurin mai gyaran babur, tagulla ne, ka faɗaɗa hudarsa da bakin dirilka mai milimita 2, ka goge gefen ya yi sumul, domin huda mai kaushi tarwatsa ruwa take. Idan kun gama wasa, ku zuƙa masa ruwa mai tsabta na minti ɗaya kafin ku ajiye. Kuma a ɗaura wa jirgin dogon zare a gwajin farko, kada ya tsaya a tsakiya yaro ya shiga kududdufi ɗaukowa, saboda zurfi da kuma tsargiya.

Ɗalibin Injiniyanci, Samaru

Baba, ina wuni. Iyayena sun yi bayanin famfo, ni zan ɗan ƙara a kan yadda za ku kunna shi da rimot, domin na taɓa ƙona na'urar karɓar saƙo a kan wannan kuskure.

Hanya ta uku da kuka ajiye ba ta ba da wutar da za ta juya famfo, umarni kawai take aikawa, wutar da ke gefenta kuma kusan bolt 5 ce ta ƙananan kaya. Idan kuka haɗa famfon kai tsaye, ko dai ya ƙi tashi ko na'urar ta ƙone. Hanya mafi sauƙi ita ce ku sa ƙaramin moto mai hannu da ake kira sabo (servo), irin wanda ke juya sitiyarin jirgin, ku kafa ɗan makunni mai dannawa kusa da hannunsa, idan kun taɓa rimot hannun ya danna makunnin, wuta ta tafi famfo daga batirinsa. Ina ba da shawarar famfon ya samu batirinsa daban da na tuƙi, domin ko feshi ya cinye wuta jirgin zai iya dawowa bakin ruwa.

Moton famfo yana tartsatsi a ciki, tartsatsin nan kuma yakan sa sitiyari ya riƙa rawa shi kaɗai. Maganinsa ɗan kafasita ne mai lamba 104, wanda masu gyaran rediyo ke da shi da yawa, a liƙa shi da dalma tsakanin ƙafafun moton biyu, a kuma murɗe wayoyin famfon tare a nisanta su da eriya. Batiran kwamfuta kuwa, Baba, ku sa musu ɗan allon kariya da ake sayarwa na batir uku, kada kowanne ya sauka ƙasa da bolt 3, ku kuma ajiye su cikin robar abinci mai murfi a wuri mai tudu a cikin jirgin. Duk wanda ya kumbura ko fatarsa ta yage kada ku yi amfani da shi.

Baban Abba, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Na dawo in ba da bayanin yadda muka ƙare, bayan mako uku. Maigida na Sabon Gari, Malam, ɗan'uwana na Shika da ɗana na Samaru, Allah ya biya ku, ya jiƙan mahaifa.

Na sayi famfon waifa na hannu, na kuma sa aka kawo mini R385 daga Kaduna, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Na waifa ya fi nisa kamar yadda maigida ya faɗa, daga bokiti ya tsallake igiyar shanya ya jiƙa katanga, amma bayan rabin minti na taɓa jikinsa na ji zafi. Na ajiye shi saboda maganar bututun da Malam ya yi, wadda ita ce ta kwantar mini da hankali har na ɗauki diril na huda jirgin.

Gwajin farko na R385 bai yi ba, ruwa ya riƙa fita yana yankewa yana tofi. Abba ne ya lura da ƙananan kumfa suna bin juna a cikin tiyo daga wajen filtar, ashe iska yake sha ta gaɓar da ba ta matsu ba. Muka naɗe kowace gaɓa da siririyar waya muka murɗa da filaya, nan take ruwan ya miƙe. Da baki a buɗe ya cika gorar santilita 75 cikin daƙiƙa 28, da jet mai milimita 2 kuma cikin daƙiƙa 38. Na shimfiɗa tef a tsakar gida, ruwan ya sauka a mita 3 da santimita 10, kuma na lura nisan ya fi kyau idan bakin bai ɗagu har rabin miƙewa ba, ɗan ƙasa da haka kaɗan. Na gwada huda mai milimita 1 da rabi, muryar moton ta sauya, ƙarshen ruwan ya zama raɓa, sai na mayar da ta farko.

Ranar Asabar muka kai shi wani ɗan tabki a gonar abokina, da zare a ɗaure kamar yadda aka ce. Abba ya tuƙa shi har tsakiya ya danna, ruwa ya tashi ya lanƙwasa ya sauka, yaran da ke kiwo a gefe suka bar awakinsu suka taho da gudu. Mun yi kusan awa ɗaya, da muka buɗe cikinsa a bushe yake, gidan sauron kuwa ya yi kore shar da gansakuka. Mun ga jirgin yana ɗan ja da baya a hankali idan yana feshi a tsaye, amma bai karkata ba.

Yanzu yaron yana son bakin feshin ya riƙa juyawa hagu da dama, ga shi hanyoyin rimot uku duk sun cika. Ɗana na Samaru, shin za a iya haɗa sabo biyu a hanyar sitiyari ɗaya, ta yadda bakin zai bi inda jirgin ya juya, ko dole sai na nemi rimot mai hanya huɗu?